Kaktus Mai Furen Okid a Zafin Birnin Kebbi: Me Ya Hana Ta Fure, Yaya Za a Ceto Ta?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Shekara biyu ke nan da aka kawo mini reshen wata shuka daga Jos, mai faffaɗan ganye marar ƙaya. An ce kaktus ce mai fure irin na okid, wata shukar ado, babban jan fure take yi. Na dasa ta a babban bokitin fenti da ƙasar fadama da kashin shanu, na ajiye ta tsakar gida inda rana ke bugu, tunda an ce kaktus ce. Ba ta taɓa fure ba, bana kuma da bazara ta yi rawaya, gindin ya yi laushi yana baƙi. Ina Birnin Kebbi. Yaya zan yi?

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Abubuwa ukun da kika ambata, rana da ƙasar fadama da babban bokiti, kowanne shi kaɗai ya isa ya kwantar da wannan shuka, balle sun haɗu. Amma in dai akwai sauran rassa masu rai, ba ta ƙare ba.

Dangin kaktus ce da gaske, wato shuke-shuken nan masu ajiye ruwa a jikinsu, sai dai ba ta hamada ba ce. Kakanninta a dazuzzukan Meziko da Amurka ta Tsakiya da ta Kudu suke, da yawansu a kan tsaunuka masu sanyi, kuma ba a ƙasa suke tsirowa ba. A saman bishiya suke zama, a marabar rassa inda busasshen ganye ke taruwa yana ruɓewa. Kamar kauci ne a kan itace, illa shi kauci tsotsar uwar bishiyar yake yi, ita kuwa wurin zama kawai ta ara. Ruwan sama ya jiƙa saiwarta ya wuce nan take, iska na ratsa ta, hasken da ke iso ta kuma sai ya bi ta cikin ganyen bishiya tukuna. Duk abin da za ki yi mata a gida, wannan zama ne za ki kwaikwaya.

Masana na kiran wannan dangi Epiphyllum. Masu furanni ja da ruwan hoda da ruwan goro da rawaya, irin taki, ba a daji aka same su haka ba. Masu lambu ne suka yi ta haɗa barbara tsakanin iri daban-daban, musamman dangin Disocactus da Selenicereus, tun farkon ƙarni na 19 a Ingila, daga baya Jamus, sannan Kalifoniya, inda aka kafa ƙungiyar masu renonta ta Amurka a 1940. Sunayen da aka yi wa rajista sun kai dubbai. Amfanin sanin wannan gare ki ɗaya ne: in ta yi 'ya'ya kika shuka irin, ba lallai ki samu furen uwar ba, kuma sai kin jira shekara huɗu ko fiye. Da reshe ake yaɗa ta. Abin da kike kira ganye ma reshe ne, ba ta da ganye ko ɗaya. Ki duba gefensa, za ki ga ƙananan loko a jere, kowanne da ɗan ido a ciki. Daga nan sabon reshe ke fitowa, daga nan fure ke fitowa. In kin yanke ta ba ta fitar da farin nono kamar tinya ko ƙerana. In kika ga nono, ba ita ba ce aka ba ki, ki kiyaye idonki.

Mu fara da ceton wadda ke hannu, don ruɓa ba ta jira. Ki juye bokitin ki fito da ita gaba ɗaya, ki wanke ƙasar da ruwa. Saiwa mai lafiya fara ce ko ruwan ƙasa mai haske, tana da ƙarfi in an ja ta. Wadda ta ruɓe baƙa ce, tana saɓulewa a yatsa, tana wari. In gindin ya riga ya yi laushi, kada ki ɓata lokaci a kansa, ki yanke rassan sama masu kauri. Ki yi amfani da sabuwar reza ko wuƙa mai kaifi, kina goge ta da sifirit bayan kowane yanka. Ki duba fuskar yankan: in akwai ɗigon baƙi ko ja-ja a tsakiya, inda jijiyar reshen take, ruɓar ta riga ta hau. Ki ƙara yankewa sama da santimita 2, ki sake dubawa, har sai kin ga kore tas. Kowane yanki ya kai santimita 15 zuwa 25, wato kimanin taƙi ɗaya. Ki sa alama da biro a gefen da ke ƙasa tun kafin ki ajiye, don in an dasa shi a kife ba zai yi ba, kuma bayan kwana biyu ba kowa ke gane sama da ƙasa ba.

Ki barbaɗa garin gawayi a bakin yankan, ki shimfiɗa su a inuwa inda iska ke wucewa, har bakin ya bushe ya yi tauri. Da damina kwana 10 zuwa 14, da hunturu mako ɗaya ya isa. Mutane da yawa a nan suke faɗuwa, don suna ganin reshen zai mutu da ƙishi. Ba zai mutu ba, ruwan da ke jikinsa zai riƙe shi fiye da wata. Ɗanyen yanka a jiƙaƙƙiyar ƙasa shi ne ke kashe shi. Bayan ya bushe ki cusa shi santimita 3 zuwa 5, ido ɗaya ko biyu su shige ƙasa, ki kafa ɗan kara ki ɗaure shi don kada ya riƙa motsi. Ƙasar ta kasance da ɗan sanyi-sanyi kawai, kada ki ba shi ruwa har mako biyu. Tsakanin mako 3 zuwa 6 zai kama. In kin ɗan ja shi a hankali kin ji ya riƙe, saiwa ta fito. Farkon damina, Yuni zuwa Yuli, ya fi kowane lokaci dacewa da wannan aiki a wajenmu.

Sai ƙasa. Ta fadama laka ce, tana riƙe ruwa kwana da kwanaki, in ta bushe kuma ta ƙame ta matse saiwa. Kashin shanu da bai gama ruɓewa ba yana ƙara zafi da gishiri. A ƙasashen waje ɓawon itacen fayin da wasu fararen duwatsu marasa nauyi suke haɗawa, mu kuwa a Kebbi muna da abin da ya wadace mu a bakin kowane injin shinkafa, wato ɓuntu. Ga haɗin da ke aiki, da mudu ko kowane ma'auni ɗaya: biyu na ruɓaɓɓen ganye, irin baƙin nan mai laushi da ake samu ƙarƙashin tsohuwar tsamiya ko mangwaro; biyu na ɓuntu; ɗaya na yashi mai manyan ƙwayoyi ko ƙananan tsakuwa; ɗaya na gawayi da aka farfasa girman ƙwayar gyaɗa.

Akwai abin lura a kan ɓuntun. Na ƙananan injina yakan fito gauraye da dusa da tsakin shinkafa. Dusar tana yin fumfuna, tana ɗaukar zafi, tana kiran tururuwa da ɓera, saboda haka ki tankaɗe ki sheƙe har ya rage zallan ɓawo. Rabinsa ki babbaka shi a tsohon kasko kina juyawa har ya yi baƙi, amma kada ya kai ga farar toka. Rabin ki bar shi ɗanye, in tsoho ne wanda ya sha ruwan damina ya fi. Wanda aka babbaka da gawayin, ki jiƙa su kwana ɗaya ki zubar da ruwan, don toka na rage tsamin ƙasa, ita kuwa shukar tana son ƙasa mai ɗan tsami, tsakanin 5.5 da 6.5 a ma'aunin pH. Dalilin da ya sa ba a zuba mata tokar murhu ke nan, duk da ana yi wa wasu shuke-shuke. Rairayi mai laushi ma kada ki sa, cike ƙofofin iska yake yi. In kin gama haɗawa ki gwada: zuba kofi ɗaya na ruwa a tukunyar. Kafin ki ƙirga goma ya kamata ya fara fita ta ƙasa. In ya kwanta a sama, ki ƙara ɓuntu da gawayi.

Tukunya ƙarama take so. Saiwarta ba ta da yawa, in ƙasar ta yi mata yawa sai gefen da saiwa ba ta kai ba ya zauna a jiƙe ya yi tsami ya ruɓar da sauran. Reshe ɗaya, tukunya mai faɗin santimita 10 zuwa 12. Rassa uku, mai 15 zuwa 18. Masu renonta sun daɗe da lura cewa ta fi yin fure in saiwa ta cika tukunya, don haka ba a sauya mata sai bayan shekara biyu ko uku, shi ma zuwa wadda ta ɗara kaɗan, kuma bayan ta gama fure. Tukunyar ƙasa ta fi roba nesa ba kusa ba a zafinmu, musamman baƙar roba da ke dafa saiwa. Ki sa maginar tukwane ta huda mata ƙofofi uku ko huɗu a gindi tun tana ɗanya. Ki ɗora ta a kan benci ko ki rataye ta, kada ta zauna a ƙasa. Awaki ba sa raina rassan.

Wuri kuwa, hasken safe daga fitowar rana zuwa wajen ƙarfe tara, daga nan inuwa mai ratsin haske har yamma. Gefen gabas na baranda, ko ƙarƙashin mangwaro ko dogon yaro, ko rumfar asabari. In ragar inuwa za ki saya, mai tare kashi 70 zuwa 80 cikin ɗari. Ki guji rumfar kwano marar rufi da jikin bangon yamma, don suna ci gaba da fitar da zafi har bayan isha. Jikin shukar zai gaya miki ko kin dace. Kore mai haske da ɗan ja a bakin sabon toho, daidai ne. Rawaya, ko ja gaba ɗaya, ko farin tabo busasshe, rana ta yi yawa, kuma tabon ba ya gogewa har abada. Rassa sirara dogaye masu kama da igiya, duhu ya yi yawa, irin waɗannan ba sa fure, a yanke su.

Ban ruwa ba a yi masa ranaku a kalanda, da yatsa ake yi. Ki cusa yatsa gaɓa biyu. In kin ji bushewa, ki zuba har ya fita ta ƙasa. In da sauran laima, ki bari. Bambancinta da kaktus na hamada shi ne ita ba a barin ƙasarta ta bushe ƙamas, don ƙananan saiwoyin mutuwa suke yi, in aka dawo aka malala ruwa sai matattun su ruɓe. Ruwan sama ya fi, ki tara mata a randa. Na famfo a bar shi ya kwana a buɗe. In na rijiyar burtsatse ne kuma kin ga farin gishiri na fitowa a bakin tukunya, sau ɗaya a wata ki kwarara ruwan sama mai yawa ya wanke ƙasar. Ruwan tankin da ya wuni a rana kada ya taɓa ta sai ya huce. A watan Agusta, lokacin marka, ki janye ta inda ruwa ba ya dukanta kullum.

Wani abu da ke ruɗar mutane: reshe ya yamushe, sai a ce ƙishi ne a ƙara ruwa. Shukar da saiwarta ta ruɓe ma haka take yamushewa, tunda ba ta da abin shan ruwan. In kin ga yaushi alhali ƙasa na jiƙe, ki tono ki duba saiwa.

Taki kaɗan ne. Kamfa 15-15-15, ƙaramin cokalin shayi ɗaya shafe, kimanin giram 5, a narka cikin lita 10 na ruwa, a ba ta sau ɗaya a wata daga Yuni zuwa Oktoba, kuma a kan ƙasa mai laima. Yuriya da 20-10-10 na masara ne. In kika ba ta za ta yi rassa masu taushi da yawa, ba fure, ga saurin ruɓa. Reshen da bai yi saiwa ba ba a ba shi taki.

Yanzu ga babbar maganar, furen. Ko da kin yi komai daidai, reshe sai ya shekara biyu zuwa uku kafin ya fara, to taki ma ba ta makara sosai ba. Amma gara ki sani tun yanzu, a wurinmu samun furenta ya fi samun girmanta wuya ƙwarai. Tana jin daɗi tsakanin digiri 10 da 27, in zafi ya haura 35 sai ta tsaya cik. Jos na kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200, shi ya sa take yi can ba wahala. Birnin Kebbi da Argungu kuwa a Afrilu zafi na wuce 40, dare ma ba ya hucewa sosai. Daren nan shi ne matsalar, domin kaktus da dare take buɗe ƙofofin jikinta ta shaƙi iskar da za ta yi abinci da ita in gari ya waye, da rana a rufe suke don kada ruwa ya tsere. Dare mai zafi da bushewa yana tauye wannan aiki.

Abin da ke sa ta ƙulla fure shi ne hutu na mako 8 zuwa 10 cikin sanyi da ƙarancin ruwa. A Turai da Amurka gajeruwar rana ta lokacin sanyi na taimakawa. Mu da ke wajen digiri 12 arewa da tsakiyar duniya, tsawon yininmu bai cika sauyawa ba, daga kamar awa 11 da rabi a Disamba zuwa kusan 13 a Yuni. Abin da ya rage mana shi ne hunturu, lokacin da dare ke sauka wajen digiri 15, wani lokaci ƙasa da haka. Saboda haka daga tsakiyar Nuwamba ki daina taki, ki rage ruwa zuwa ɗan abin da zai hana rassan yamushewa. Ki bar ta waje ta sha sanyin dare, kada tausayi ya sa ki shigar da ita ɗaki. Sanyinmu bai kai wanda zai cuce ta ba. Abin da za ki tare mata shi ne busasshiyar iskar nan da ke tasowa daga arewa maso gabas, zana ɗaya ta wannan gefen ta isa. Ki nisanta ta da fitilar sola da ke kwana a kunne, masu renonta suna guje wa hasken dare a wannan lokaci. Ƙura kuma ki riƙa wanke ta daga jikin rassan sau ɗaya a mako da hantsi, ba tare da kin jiƙa tukunyar sharkaf ba.

Ƙarshen Janairu ki fara ƙara ruwa a hankali, ki barbaɗa rubu'in ƙaramin cokali na takin sufa a gefen tukunya. Manufar ita ce ta ƙulla a Fabrairu ta buɗe kafin zafin Afrilu ya kankama, domin daga ƙulli zuwa fure yakan ɗauki wata ɗaya da rabi zuwa biyu. Ƙullin fure dunƙulalle ne, sau da yawa da ɗan ja, sabon reshe kuwa tun yana ƙarami yake nuna faɗi ko tsini. Da zarar kin gan su, tukunyar ta zauna inda take: ba ɗagawa, ba juyawa, ba fashin ruwa. Sauyin haske, ƙishin kwana biyu, ko zafi mai tsanani, kowanne na sa ta zubar da su. In reshe ɗaya ya ƙulla shida ya zubar da uku, wannan ba ciwo ba ne, abin da za ta iya ɗauka ta riƙe. Furen kansa kwana biyu ko uku yake yi, a zafinmu wataƙila ɗaya da rabi, faɗinsa kuwa yakan kai santimita 10 zuwa 20.

Don tsallake bazara, dabarar tukunya cikin tukunya da Malam Mohammed Bah Abba ya yaɗa a ƙauyukan Jigawa don adana tumatir da kayan miya tana yi wa saiwa amfani. Ki sami babbar tukunyar ƙasa marar fenti mai ƙofa a gindi, ki sa tukunyar shukar a ciki, ki cike tsakaninsu da yashi, kina jiƙa yashin safe da yamma. Ruwan na fita ta jikin tukunyar waje yana tafiya da zafin, kuma busasshiyar iskar Maris da Afrilu ita ce ta fi sa dabarar aiki. Ki kula gindin tukunyar ciki ya zauna a kan tsakuwa, kada ya nutse a ruwa. Ki yayyafa wa ƙasan wurin da asabarin ruwa bayan magariba. Ban ruwa a wannan lokaci yakan kai duk kwana biyu ko uku, da asuba. Taki kuwa babu, sai ruwan sama ya sauka. Da damina ta zauna ki fito da tukunyar daga yashin.

Ido ɗaya galibi sau ɗaya yake fure, kuma rassan bara da na bara waccan su ne ke yi. Don haka kowace damina ana son sabbin rassa masu faɗi. Tsofaffin da idanunsu suka ƙare, ki yanke su daga gindi bayan fure, ba daga tsakiya ba.

Kwari ba su da yawa. Akwai farin nan mai kama da ɓurɓushin auduga da ke maƙalewa a loko, da wani mai ɗan ɓawo ruwan ƙasa da ke manne da reshe. In kin ga tururuwa na hawa da sauka alhali babu ƙullin fure, ki duba, su suke kiwo. Auduga da sifirit ki goge su ɗaya-ɗaya. In sun yi yawa, ki daka giram 50 na ƙwayar dogon yaro, ki jiƙa a lita ɗaya ya kwana, ki tace, ki ɗiga sabulun ruwa kaɗan, ki fesa da yamma duk mako har sau uku. Kada ki fesa komai da rana tsaka, ƙonewa za ta yi. Da damina dodon koɗi da fara kan ci sabon toho. Baƙin ɗigo mai zagaye a jikin reshe daga ruwa ne da ke kwana a kansa inda iska ba ta wucewa. A yanke wurin, a ba tukwanen tazara. In kuwa rassa na fitowa da dabbare-dabbaren rawaya a cikin inuwa, sabo da tsoho, ƙila cutar bairos ce, ba ta da magani kuma wuƙa ke yaɗa ta. A ware wannan shukar, kada a ɗebi reshe daga jikinta.

In kin ba ta hunturu biyu cikakku ba ta ƙulla ba, ba laifin hannunki ba ne, wasu ire-iren sanyin da suke nema ya fi namu. Mutanen Gusau da Zuru sun ɗan fi ku sauƙin bazara, amma ba da yawa ba. A nan sai ki nemi 'yar'uwarta ta daji, Epiphyllum oxypetalum, wadda ake ce wa sarauniyar dare. Ita ta saba da ƙasashe masu zafi, ana renonta a gidaje a Indiya da Malesiya. Furenta fari ne mai ƙamshi, yana buɗewa bayan isha ya yi yaushi da asuba. Ƙasa ɗaya, inuwa ɗaya, ban ruwa ɗaya da na jar taki, sai dai ita tana tsayi, za ta buƙaci sanda ko waya da za a ɗaure ta a jiki.